Yadda za ka haɗa launin fatarka da fenti, ka zana kanka da idonka

Kafin mutum ya yi wayo, an riga an faɗa masa launinsa: baƙi ne, fari ne, ja ne, wankan tarwaɗa ne, ruwa biyu ne. Da wannan sunan yake tashi, yana amsa shi, kuma da wuya ka sami wanda ya taɓa zama ya ƙura wa fatarsa ido na minti goma don ya ga abin da ke wurin. Aikin da za mu bayyana a nan zai sa ka yi hakan. Za ka haɗa launin fatarka da fenti, ka zana fuskarka da shi, sannan ka ɗauko kalmomin da aka jingina maka tun kana yaro ka yanke wacce za ta zauna a hoton da wacce za ta fita. Ba sai ka iya zane ba. Zama uku zuwa huɗu ya isa, kowanne awa ɗaya da rabi ko biyu.

Da haɗa launi ake farawa, kuma da dalili. Idan aka miƙa wa mutum farar takarda aka ce ya zana ko shi wane ne, abin da ke fitowa galibi tuta ce, ko taswira, ko wani take da ya haddace. Amma idan hannunsa ya shagala da neman launi, manyan tambayoyin da kansu suke zuwa, ba a kira su ba.

Kayan aiki

Fentin akirilik ya fi dacewa: da ruwa ake tsinka shi, yana saurin bushewa, kuma yana rufe abin da ke ƙasansa. Launi shida kawai kake buƙata. A jikin kowane bututu mai kyau akwai lambar sinadarin launin, ita za ka duba, domin sunayen suna bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Farin titaniyom, PW6. Ɗorawar ƙasa da ake kira oka, PY43 ko PY42. Jan ƙasa, PR101. Shuɗin altiramarin, PB29. Sai ruwan ƙasa iri biyu, siyena mai ja-ja da amba mai duhu, waɗanda sau da yawa lamba ɗaya suke ɗauka, PBr7, don haka da ido za ka bambance su. Ka lura babu baƙi a jerin. Za mu zo kan dalili.

Sai takarda mai kauri, mai nauyin giram 300 a murabba'in mita, domin mai laushi tana cukurkuɗewa da zarar ruwa ya taɓa ta. Buroshi mai faɗin santimita 2 guda ɗaya, mai tsini matsakaici guda ɗaya. Farin faranti na haɗa launi. Madubin da zai tsaya da kansa. Fensir, almakashi, farin gam, takarda shara-shara wadda ake hango abin da ke ƙarƙashinta, da alƙalamin maka irin na farin allo mai gogewa. A ƙarshe ɗan guntun kwali mai ruwan toka, ka huda masa rami mai faɗin santimita 1 a tsakiya.

Ka zauna kusa da taga da rana, inda akwai haske amma rana ba ta bugun fatarka kai tsaye. Kada ka yi wannan aikin da fitilar ɗaki. Ƙwai mai ɗorawa-ɗorawa yana ƙara wa fata ja, farin ƙwai mai shuɗi-shuɗi yana mayar da ita toka, duk abin da ka haɗa da dare washegari za ka ga ba kai ba ne.

Zama na farko: neman launin

Ɗora kwalin nan mai rami a bayan hannunka, ka dubi abin da ke cikin ramin kaɗai. Wannan ramin shi ne rabin aikin. Ido ba ya ganin launi shi kaɗai, yana auna shi ne da abin da ke kewaye, ƙwaƙwalwa kuma tana ƙara masa abin da ta riga ta yarda da shi. Wanda aka saba ce masa baƙi zai miƙa hannu ga fenti mafi duhu, wadda aka saba yabon haskenta za ta cika fari. Ramin yana raba launin da siffar hannu, sai ka gan shi a matsayin launi kawai.

Ka yanka takarda tsiri-tsiri, santimita 3 a 10, kamar guda goma sha biyu. Ga inda za ka fara, kuma ka riƙe cewa mafari ne kawai. Ga fata mai duhu sosai, kashi 3 na amba, kashi 1 na siyena, da ɗan ɗigon oka. Ga matsakaiciya, kashi 2 na siyena, 2 na oka, 1 na amba. Ga mai haske, kashi 4 na fari, 1 na oka, rabin kashi na jan ƙasa. Kashi ɗaya ya zama abin da bakin buroshi zai ɗauka sau ɗaya. Ka haɗa, ka shafa a tsiri har bakinsa, ka rubuta ma'aunin a baya.

Kada ka yanke hukunci fentin na jiƙe. Akirilik yana ƙara duhu idan ya bushe, saboda gam ɗin da ke riƙe da launin fari-fari ne yana jiƙe, sai ya washe daga baya. Ka ba shi minti 15, sannan ka kwantar da tsirin a kan fatarka ka kanne ido kaɗan. Idan iyakar da ke tsakanin takarda da fata ta kusa ɓacewa, ka kusa. Kada ka shafa fentin a jikinka don gwaji, ba don fata aka yi shi ba.

Tambaya uku za ka riƙa yi, ɗaya bayan ɗaya. Ya fi fatata duhu ko haske? Ya fi ta ja ko ɗorawa? Ya fi ta kaifi, ko ya fi ta dusashewa? Ka gyara abu guda a lokaci guda. Mai gyara uku tare ba zai san wanne ya yi aiki ba.

Ga inda ake yawan ɓata aiki. Idan kana son ƙara duhu ka zuba baƙi, launin zai mutu, ya koma kamar laka, wani lokaci har ya yi kore-kore, domin baƙi da oka kore suke haifarwa. Maimakon haka ka haɗa kashi 2 na amba da 1 na shuɗi, za ka sami duhu mai zurfi wanda yake da rai. Haka nan idan kana son haske ka zuba fari a launin fata mai duhu, sai ta fito furu-furu kamar wanda bai shafa mai ba. Da oka ko siyena ake haska ta, fari sai a ƙarshe kuma ɗan kaɗan. Idan launin ya yi kaifi kamar lemo, ɗigon shuɗi zai kwantar da shi.

Da ka samu na bayan hannu, kada ka tsaya. Ka maimaita a wuri biyar: tafin hannu, cikin dantse inda rana ba ta kaiwa, goshi, kunci, da ƙasan ido. Ka jera tsirin a takarda guda ka rubuta sunan kowane wuri. Abin da za ka gani shi ne jiki ɗaya mai launi biyar ko shida, kuma duk daga bututu shidan nan suka fito, waɗanda su ne dai za su haɗa launin kowane ɗan Adam. Hakan ya yi daidai da abin da aka sani game da fata: adadin ƙwayoyin da ke samar da melanin, sinadarin da ke ba fata launi, kusan ɗaya ne a jikin kowa, bambancin yana cikin yawan abin da suke samarwa da irinsa.

Ba wai muna cewa launin fata ba komai ba ne. Mutane sun sha bauta, an raba musu makaranta, an hana su aiki a kansa, kuma har gobe ana yi. Abin da tsirin nan ke nunawa shi ne tazarar da ke tsakanin fatar da sunan da aka sa mata, kuma a cikin wannan tazarar sauran aikin zai gudana. Manyan masu zane sun tsaya a daidai wannan wurin. Byron Kim, ɗan Amurka mai asali daga Koriya, tun 1991 yake zaunar da mutane yana haɗa launin fatarsu, kowa da ɗan allonsa mai inci 10 a 8, har allunan suka kai ɗaruruwa. Angélica Dass ’yar Brazil ta fara nata da kyamara a 2012, tana ɗauko launi daga hancin mutum ta daidaita shi da lambarsa a jerin launuka na kamfanin Pantone, kuma ta ɗauki fiye da mutum 4,000. Dubi kuma akasin haka: sai a 1962 kamfanin Crayola, mai yin launukan zanen yara, ya sauya sunan wani launinsa mai haske da a da yake kira launin fata, kamar dai fatar duniya guda ce.

Zama na biyu: fuska

Da madubi za ka yi, ba da hoton waya ba. Wayoyi da yawa suna gyara fuska da kansu, su sulɓe ta, su ƙara mata haske, ko ba ka nema ba. Matsalar ta girmi waya: tun shekarun 1950 kamfanin kayan hoto na Kodak ya riƙa raba wa masu wanke hoto katin daidaita launi mai ɗauke da hoton Baturiya, da ita ake auna kowa, sai a shekarun 1990 aka fito da kati mai mata masu launi daban-daban.

Ga dabarar da ke taimakon wanda bai taɓa zane ba. Ka zauna nisan hannu daga madubi, ka rufe ido ɗaya, ka kafe kanka, ka bi iyakar fuskarka da maka a jikin madubin: zagayen kai, idanu, fukafukan hanci, leɓɓa, kunnuwa, iyakar gashi ko ɗankwali. Zanen zai fito rabin girman fuskarka, ko ka matso ko ka ja baya, haka madubi yake. Ka ɗora takarda shara-shara ka kwafe, sannan ka ninka kowane awo sau biyu a kan takarda mai kauri.

Dalilin wannan wahalar shi ne hannu yana ƙarya. Ƙa'idojin da ke cikin littattafan koyon zane, irin su faɗin hanci ya yi daidai da tazarar da ke tsakanin idanu, daga gumakan Girka da Rum da masu zanen Turai aka gaje su, kuma fuskoki da yawa ba sa bin su. Ko wanda bai taɓa buɗe littafin ba ya sha su daga tallace-tallace da hotunan yara. Sai ka ga mutum ya zana kansa ya rage hanci, ya tsuke leɓe, ya miƙar da gashi, bai ma sani ba. Bayan ka gama, ka auna faɗin hancin da ka zana da na kwafen madubi. Idan sun saɓa, kada ka goge tukuna. Ka rubuta a gefe abin da hannunka ya sauya da inda ya karkata. Wannan bayanin yana da daraja kamar hoton.

Wajen shafa fenti ka haɗa launi uku daga tsirin kuncinka: na tsakiya, na inuwa, na haske. Ka haɗa na tsakiya da yawa, kamar cokali biyu, domin idan ya ƙare a tsakiyar aiki da wuya ka sake samun irinsa daidai. Ka yayyafa masa ruwa lokaci-lokaci kada ya yi ɓawo. Ka shafe dukan fuskar da shi, ka bari ya bushe, ka sa inuwa a ƙarƙashin gira, gefen hanci, ƙasan leɓe da wuya. Haske a ƙarshe. Fata mai duhu tana da sheƙi, kuma sheƙin launin abin da ke kewaye yake ɗauka. Kusa da taga za ka ga shuɗi-shuɗi a goshi da saman kunci, sai ka haɗa fari da ɗigon shuɗi da ɗan launin tsakiya, ka ɗiga a wuri uku ko huɗu kawai. Farin ido kuma ba fari sol ba ne, ka karya shi da ɗan amba, in ba haka ba fuskar za ta yi kamar ta firgita. Gashi kuwa a dunƙule ake zana shi, ba sili-sili ba: duhu tukuna, sannan a buga haske da guntun soso.

Bayan ka iya haɗa launinka na gaskiya, kana da ’yancin barin sa. Amy Sherald da launin toka take zana fatar baƙaƙen Amurka, har a hoton Michelle Obama na 2018. Kerry James Marshall kuwa da baƙin fenti iri-iri yake zana mutanensa, baƙi wuluk, da gangan. Duka biyun zaɓi ne na wanda ya san abin da yake yi. Wanda kuma ba ya son zana fuska, don addini ko wani dalili nasa, sai ya zagaye tafin hannunsa da dantsensa, ko ya yi murabba'ai da launukan nan biyar. Sauran matakan ba su sauya ba.

Zama na uku: kalmomi

Wannan ne zaman mai nauyi, ka yi shi ranar da ba ka da uzuri bayansa. Ka ɗauki takarda shara-shara uku. A ta farko ka rubuta abin da mutane suka faɗa game da launinka, gashinka, hancinka ko asalinka, na zagi da na yabo duka. Kada ka tsallake yabo, domin "kin yi kyau duk da ke baƙa ce" ya fi wani zagin daɗewa a rai. A ta biyu ka rubuta abin da hukuma da fom suka kira ka, da abin da baƙo ke zato idan ya gan ka a wurin da ba a san ka ba. A ta uku, abin da kai kake kiran kanka idan ba wanda ya tambaye ka. Minti goma kowacce. Mutane da yawa suna tarar da ta uku ta fi wuya kuma ta fi gajarta. Ka bar ta a gajarce, kada ka cika ta da kalmomin aro.

Ka yanka kowace kalma daban, ka baza su a kan hoton ba gam, ka yi ta matsar da su. Kowacce tana da makoma huɗu: ta zauna a fili, a shafa mata fenti tsararo ta rage ana hango ta, a rufe ta gaba ɗaya da launin fatarka, ko a fitar da ita daga hoton. Wurin da ka ajiye ta ma magana ne. Kalmar da ke kan leɓe daban take da wadda ke bayan kai.

Da fensir ko maka marar gogewa za ka yi rubutun, domin tawadar biro mai ruwa tana narkewa da zarar gam ya taɓa ta. Ka tsinka gam da ruwa, kashi 2 na gam da 1 na ruwa, ka shafa a jikin hoton, ka kwantar da kalmar, ka lallaɓa daga tsakiya zuwa gefe don iska ta fita. Don fenti tsararo, kashi 1 na fenti da 3 na ruwa, shafa ɗaya, a jira ya bushe kafin a ƙara. Idan za ka sa hotunan iyaye da kakanni, kwafensu za ka yanka, ba na asali ba, kuma kwafen injin leza, domin na injin tawada yana zuba.

Idan ka ji ƙirjinka ya yi nauyi, ka ajiye kalmomin a ambulan ka koma haɗa launi, ko ka tashi. Zane yana tono abu, amma ba ya maye gurbin likitan ƙwaƙwalwa. Idan abin da ya taso ya hana ka barci kwanaki, ko ya dawo da wani cin zarafi da aka yi maka, ka nemi ƙwararre.

Idan da wasu za ka yi

Mutum shida zuwa goma sun isa. Kowa nasa launin yake haɗawa, ba mai haɗa wa wani, ba kuma mai cewa "ai kin fi haka duhu". Kada ka taɓa jera tsirin mutane daga mai haske zuwa mai duhu. Yana da kyau a ido, amma tsanin da ake ƙoƙarin rushewa ne ka sake kafawa a bango. Ka warwatsa su, ko ka jera bisa harafin farko na suna. Kada a mayar da mutum ɗaya kakakin jinsinsa, kuma kada a ƙyale waɗanda suka fi yawa a ɗakin su zama ’yan kallo, su ma suna da launi da tarihin da ya zo da shi. Wajen duba aikin juna, mai kallo ya faɗi abin da ya gani kawai, kamar "na ga ka rufe kalma uku a goshi", mai aikin ya yi bayani idan ya ga dama.

Da yara, ka tsaya a zama na farko da na biyu. A shekarun 1940 masana halayyar ɗan Adam Kenneth da Mamie Clark sun ba yara baƙaƙen fata a Amurka launuka su cike zanen yaro da launin jikinsu, wasu suka zaɓi wanda ya fi fatarsu haske. Idan yaro ya yi haka a gabanka, kada ka gyara masa, kada ka yi masa wa'azi. Ka miƙa masa kwalin mai rami, ka ce ku gwada wani tsirin tare, ka bar tsirin farko a gefe. Abin da zai faɗa yayin da yake kwatanta su biyun shi ne abin saurare.

Ka rubuta kwanan wata da ma'aunin launinka a bayan hoton. Ka bar shi ya kwana biyu a shimfiɗe, kuma kada ka haɗa fuskar hoto biyu wajen ajiya, domin akirilik yana mannewa da ɗan uwansa ko ya bushe. Idan za ka ɗauke shi a waya ka sa a intanet, ka kashe duk wani gyaran fuska, ka ɗauka a hasken tagar da ka yi aikin, ka sa kwalin mai ruwan toka a gefe don ka gane ko kyamara ta sauya launin. Kalmomin da ka rage ana hangowa suna fitowa a hoto fiye da yadda suke a ido, don haka ka faɗaɗa hoton ka karanta shi kafin ka tura.